Rory Gallagher ko Peter Green: da faifan wa ya kamata a fara?

Ɗan yayata ya sayi jita 'yar gwanjo bara, tsirkiya ɗaya ma a tsinke, tun daga ranar kuma ya hana gidansu sakat. Da kiɗan Agadas ya fara, irin na su Bombino da Mdou Moctar, yana kallon yatsunsu a waya yana kwaikwayo. Rannan na je gaishe da mahaifiyarsa sai ya tare ni a zaure ya ce, "Kawu, cikin makaɗan nan naka na zamanin da, da wa zan fara? Amma don Allah kada ka ce min Hendrix ko Clapton, waɗannan kowa ya san su." Na ba shi sunaye biyu, Rory Gallagher da Peter Green. Ya ce ai mutum ɗaya ya tambaya. Na ce to ya ba ni kwana biyu in sake sauraron su da kunnen basira, don na daɗe ban ji su a jere ba.

Ba haka kawai na haɗa su ba. Dukansu makaɗan jita ne na buluz mai haɗe da rok, irin wanda samarin Birtaniya da Ayalan suka koya daga faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka, su Muddy Waters da B.B. King. Dukansu sun bar ƙungiyoyinsu a 1970, daidai lokacin da ƙungiyoyin ke tashe. Dukansu ba su wuce shekara 24 ba da faifansu na farko na ƙashin kansu ya fito, kuma tsakanin fitowar faya-fayan biyu bai kai wata shida ba: na Green, mai suna The End of the Game, a Disamban 1970, na Gallagher kuwa, wanda sunansa kawai ya ɗora masa, a Mayun 1971. Makaɗa 'yan'uwansu suna girmama su matuƙa, amma ka tambayi mutum goma a titi, ko a Landan ne, da wuya ka sami biyu da za su kawo sunansu kafin na Clapton. Iyakar kamanninsu ke nan. Daga nan sai hanya ta rabu.

Bari in fara da Gallagher, tunda can zuciyata ta fi karkata, ba sai na ɓoye ba.

An haife shi a Ballyshannon a 1948, ya tashi a birnin Cork. Yana ɗan shekara 15 ya sayi jitar Fender Stratocaster ƙirar 1961, ta hannu, a wani shagon kayan kiɗa na Cork, kan kuɗi kimanin fam 100, wanda a lokacin ba ƙaramin kuɗi ba ne ga yaro ɗan makaranta. Da ita ya yi ta aiki har ya koma ga Mahaliccinsa a 1995. Duk wanda ya ga hotonta zai ɗauka daga bola aka tsinto ta: fentin ya zube kusan kaf, katakon ya fito fili ya yi duhu saboda gumi, sai 'yan tsibirai na tsohon launi nan da can. A 2024 aka yi gwanjonta a Landan, aka buga guduma a kan fam 700,000 ban da kuɗin dillalai, da niyyar ta koma gidan tarihin ƙasar Ayalan. Kafin ya tsaya da ƙafarsa ya yi ƙungiyar mutum uku mai suna Taste, wadda ta buɗe wa Cream, ƙungiyar su Clapton, fage a wasansu na ban-kwana a zauren Royal Albert Hall na Landan a 1968, ta kuma yi wasa a babban taron kiɗa na tsibirin Isle of Wight a Agustan 1970. Ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar ta watse, cikin ɓacin rai da rigimar kuɗi da ta shugabanci.

Wani da an yi masa haka sai ya kwanta jinya shekara guda. Shi kuwa cikin 'yan watanni ya ɗauko samari biyu 'yan Belfast, Gerry McAvoy a jitar bes mai kaurin sauti da Wilgar Campbell a ganga, suka shiga sutudiyon Advision a Landan. Shi ya rubuta waƙoƙi goman da ke faifan, shi ya rera, shi ya shirya aikin, ya kaɗa jitar lantarki da ta katako, ya ƙara da mandolin da hamonika da saksofon. Baƙo ɗaya aka gayyato, Vincent Crane na ƙungiyar Atomic Rooster, ya buga fiyano a waƙoƙi biyu. Idan ka saurari faifan da wannan labarin a ranka, za ka ji mutumin da aka daɗe ana juya shi, yau ya sami makullin gidansa a hannu, yana zagayawa ɗaki-ɗaki yana buɗe tagogi.

Waƙar farko, "Laundromat", ba ta yin sallama. Jita ce ke faɗowa da wani guntun salo mai tsalle-tsalle, bes da ganga su bi ta a guje. Ya samo sunan ne daga shagon wankin tufafi da ke ƙasan gidan da yake haya a unguwar Earl's Court. Wannan ita ce waƙar da na san ɗan yayata zai fara maƙalewa a kai, don salon yana zama a yatsu, ana iya koyon sa cikin mako guda ko da ba a kai ga saurinsa ba. Amma da a ce duk faifan haka yake, da ban ɓata lokacin kowa ba, don irin wannan gudun da yawa sun yi shi a wancan zamanin. Abin da ya bambanta shi yana zuwa nan take a waƙa ta biyu, inda ya ajiye lantarki ya ɗauki jitar katako, ya shiga wani salo na gargajiyar ƙasarsu da ta Ingila, a natse, kamar ba shi ne ya gama tayar da ƙura ba.

Sai ta uku, "I Fall Apart". A nan na fi daɗewa, kuma ita ce hujjata mafi ƙarfi. Daren da na sake sauraron ta an ɗauke wuta, ina kwance a tabarma a tsakar gida da abin sauraro a kunne, ba ƙarar fanka ba ta janareta. Tana farawa a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kansa, jitar tana ɗiga ɗaya-ɗaya. Ba ya gaggawa. Idan ya shiga kaɗin shi kaɗai, sai ya riƙa jan tsirkiya yana sakinta, sauti ɗaya ya tsaya yana rawa kafin na gaba ya zo. Can wajen ƙarshe sai ya bar zaɓar tsirkiya ɗai-ɗai, ya koma dukan su gaba ɗaya, yana hawa mataki-mataki, gangar tana ƙara matsowa, har ka ji ƙirjinka ya cika. Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Minti biyar ne da 'yan daƙiƙoƙi, amma a ciki akwai darasin da mai koyon jita zai shekara bai gama ɗauka ba, wato sanin inda za a yi shiru da inda za a saki hannu.

Akwai kuma "Sinner Boy", wadda tun yana Taste yake kaɗa ta. A nan yana sa ɗan bututun ƙarfe ko na kwalba a yatsa yana zame shi a kan tsirkiya maimakon danna ta. Sautin sai ya riƙa malala daga wannan murya zuwa waccan ba tare da yankewa ba. Wanda ya saba jin goge ko kukuma ba zai ji baƙunta ba, don irin wannan zamiyar ce kunnenmu ya tashi da ita. Waƙar ƙarshe kuma, mai minti bakwai, ta karkata wajen jaz, har ya ɗauki saksofon ya busa. Ba gwanin busa ba ne, kuma ana ji. Ni dai ina son ta a haka.

To ina aibinsa? Akwai. Sautin faifan a bushe yake, siriri, musamman gangar, wadda wani lokaci kamar daga ɗakin maƙwabta ake buga ta. Wanda ya fara ganin bidiyon Gallagher a dandali, yana gumi sharkaf cikin rigarsa mai gida-gida yana zagaye fage kamar an sa masa wuta, zai iya jin faifan nan ya yi masa sanyi. Shi kansa bai tsaya nan ba: kafin shekarar ta ƙare ya fitar da na biyu, Deuce, wanda aka ɗauka da niyyar kamo zafin wasan dandali. Muryarsa ma ba ta masu zaƙin murya ba ce, tana da kaushi, wani wurin tana ƙoƙarin kaiwa inda ba ta isa ba. Kalmomin waƙoƙin kuwa na saurayi ne ɗan shekara 23, rabuwa da kaɗaici da neman mafita, babu wani zurfin da zai hana ka barci.

Yanzu Green.

Shi ɗan gabashin Landan ne, an haife shi a Bethnal Green a 1946. A 1966 ya gaji kujerar Eric Clapton a ƙungiyar John Mayall, aikin da ba kowa zai yarda ya karɓa ba, don a lokacin ana yi wa Clapton kallon wanda babu na biyunsa. Shekara guda bayan haka ya kafa Fleetwood Mac. Mutane da yawa sun san wannan sunan ne ta waƙoƙin da ƙungiyar ta yi a Amurka bayan 1975, ba su san cewa asalinta ƙungiyar buluz ce ta wannan bawan Allah ba. Shi ya rubuta "Black Magic Woman" da Santana ya ɗauka ya yi suna da ita, shi ya yi "Albatross", kiɗa zalla babu waƙa, da ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Idan ana maganar daɗin sautin jita, tsantsar daɗi, ni a wurina Green yana gaban Gallagher, yana ma gaban Clapton. Jitarsa Gibson Les Paul ce ƙirar 1959, wadda ɗaya daga cikin maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiyarta yake a juye, shi ya sa take fitar da wata murya ta hanci, siririya, mai kama da kuka. Daga baya ta koma hannun makaɗin jita Gary Moore, yanzu kuma tana wurin Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica.

Sai dai ba wannan Green ɗin za ka tarar a The End of the Game ba, kuma a nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Kafin ya bar Fleetwood Mac a Mayun 1970 al'amuransa sun fara canzawa. Yana shan ƙwayar LSD mai gusar da hankali, kuɗi da suna sun fita masa a rai, har yana neman abokan aikinsa su yarda a rabar da abin da suke samu sadaka. 'Yan makonni bayan fitarsa ya tara makaɗa huɗu, ciki har da Zoot Money a fiyano da Alex Dmochowski a bes, suka zauna suka yi ta kaɗawa ba tare da an rubuta komai ba. Daga wannan dogon zaman aka yanko guntaye shida aka haɗa faifai. Babu waƙa ko baiti ɗaya. Babu amshi. A bangon faifan ma ba hotonsa ba ne, wata dabbar dawa ce mai kama da damisa ta buɗe baki.

Kusan ko'ina a ciki yana taka wata feda da ake kira "wah-wah", wadda ke buɗe sautin jita tana rufe shi, kamar mai ihu yana ɗora tafin hannu a baki yana ɗagawa. Guntun farko, "Bottoms Up", ya kai minti tara. Bes ɗin yana kafa ƙafa a wuri ɗaya yana ta zagaye, ganga tana bin sa, jitar kuma tana shawagi a sama, ta matso ta ja da baya. A nan ne na tuna ɗan yayata, don wanda ya saba da kiɗan bikin Agadas, inda ake riƙe salo ɗaya a yi ta juya shi har mutum ya manta da agogo, zai fi Baturen 1970 saurin gane abin da ake yi. Masu sharhin wancan lokacin da yawa ba su yi masa da daɗi ba, sun zo neman waƙoƙi suka tarar da hayaƙi. Akwai gajeren guntu na biyu, "Timeless Time", wanda bai kai minti uku ba, mai taushi ƙwarai, inda tsohon Green yake leƙowa kamar wata a cikin hadari. Haka ma "Hidden Depth". Amma akwai kuma "Descending Scale", minti takwas na kowa-ya-kama-gabansa, fiyano na nan, ganga na can, wanda ko ni da nake son mutumin sai na daure nake kai ƙarshensa.

Wani abin da ke sa faifan nauyi shi ne sanin abin da ya biyo baya. Ciwon taɓin hankali ya kama shi, ya yi zaman asibiti, ya yi shekaru ba ya kiɗa, bai sake fitar da cikakken faifai ba sai 1979. Ya rayu har 2020, ya ma dawo dandali a shekarun 1990, amma wancan saurayin bai dawo ba. Don haka idan ina sauraron faifan nan nakan rasa ko kiɗan nake ji ko labarin. Wannan kuma matsala ce ga sabon shiga, don shi bai san labarin ba, bai kuma san irin hannun da mutumin yake da shi kafin nan ba. Kamar a nuna maka hoton mutum yana fita daga gida ta baya ne, alhali ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Idan aka zo kan zaɓi, abin dubawa na farko shi ne me kake nema. Mai koyon jita, irin ɗan yayata, Gallagher zai ɗauka, babu ja. A faifai ɗaya zai ji salon gudu, da na katako, da zamiyar kwalba, da yadda ake gina waƙa daga raɗa zuwa tsawa, kuma da yake mutum uku ne kawai suke kaɗawa, ba a cika sautin da tarkace ba, kowace tsirkiya ana jin ta. Bushewar nan da na kira aibi, ga mai koyo alheri ce. Daga faifan Green kuwa ba abin da za ka zauna ka kwaikwaya, don shi kansa bai sake kaɗa su haka ba. Abin da za ka koya a wurinsa sauraro ne, yadda makaɗi ke jin abokin kaɗinsa ya ba shi hanya, wannan kuma sai hannu ya nuna tukuna.

Na biyu, a ina za ka saurara? Gallagher yana tafiya da kai ko'ina. Na sa shi a mota a cunkoson yamma, na sa shi ina guga, bai ɓata ba. Green ba ya yarda da haka. Ka sa shi a ƙaramar lasifikar waya cikin hayaniya, ba abin da za ka ji sai ƙugi, don rabin aikin yana wurin bes, lasifikar waya kuwa ba ta san da bes ba. Yana son dare, da abin sauraro mai kyau, da mutumin da ba ya jiran kiran kowa. Tsawonsa bai fi minti talatin da 'yan kai ba, amma ya fi na Gallagher, mai minti arba'in da wani abu, cin lokaci.

Na uku, ina faifan zai kai ka? Wanda ya fara da Gallagher ya shiga hanya mai tsawo. Bayan Deuce akwai Live in Europe na 1972, shekarar da masu karanta jaridar Melody Maker suka zaɓe shi gwarzon makaɗin jita, sama da Clapton. Akwai Irish Tour '74, wanda aka ɗauka a lokacin rikicin Arewacin Ayalan, sa'ad da yawancin manyan mawaƙa suka ƙaurace wa Belfast shi kuwa yana zuwa. Masoyansa da yawa za su ce maka ka tsallake faifan farko ka fara da waɗannan na dandali. Ban yarda ba. Wanda ya fara da su zai ɗauka mutumin gudu da gumi ne kawai, in ya dawo baya sai ya ji faifan farko ya yi masa lami. Wanda ya fara daga farko kuwa ya riga ya san akwai natsuwa a ƙarƙashin ƙurar. Af, wani dalilin da ya sa sunansa bai kai inda ya kamata ba shi ne taurin kansa: ya ƙi yarda a riƙa yanko waƙa ɗaya daga faifansa ana sayarwa ita kaɗai a Birtaniya, alhali ta wannan hanyar ce gidajen rediyo ke sanin mutum. Shi Green, faifansa na farko ba ya kai ka gaba, baya yake mayar da kai, wurin Fleetwood Mac ta 1967 zuwa 1970, musamman faifansu Then Play On na 1969. Gaskiya ma duk mai son sanin Green daga can ya kamata ya fara, ya bar The End of the Game sai ya ƙoshi da wancan.

Akwai mutum ɗaya da zan ce masa ya juya tsarin. Idan kai dama ba ruwanka da kalmomin waƙa, Turancin ma ba ya shiga kunnenka, kana iya zama da kiɗa zalla na minti goma ba ka duba waya ba, kuma ka taɓa jin daɗin jaz ko dogayen kaɗe-kaɗen Fela inda ake daɗewa kafin murya ta shigo, to je ka wurin Green kai tsaye. Za ka ji abin da masu sharhin 1970 ba su ji ba. Amma irinku ba ku da yawa.

Na koma gidan yayata ranar Juma'a bayan sallar la'asar na ce wa yaron ya fara da Gallagher, ya saurari waƙa ta uku sau uku kafin ya taɓa jitarsa. Ya ce to, Kawu. Bayan mako biyu ya turo min saƙon murya, yana ta fama da salon "Laundromat", rabi daidai rabi kuskure, ana jin mahaifiyarsa daga kicin tana cewa ya rage ƙara. A ƙarshen saƙon ya ce ya leƙa na Green ɗin ma duk da na hana shi, guntun farko ya yi masa daɗi, sauran kuwa bai gane komai ba, yana tambaya ko wayarsa ce ta lalace.